Kaset ɗin Inna da Buta Mai Ratsi

Kaset ɗin ya same ni a Lyon, shekarar da aka karya darajar sefa. Ina bayan kanta a butik ɗin da nake aiki a unguwar Guillotière, ina auna wa wata mata shadda, sai wani ɗan Maraɗi mai safarar atamfa ya shigo ya ajiye mini ƙunshi. Tun kafin in taɓa na gane tsumman, gefen tsohon zanen Inna ne, an naɗe kaset a ciki an ɗinke bakin da baƙin zare. Akwai takarda a jiki da rubutun Baffa, ƙanen babanmu. Ya ce Inna na kwance, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce a yi ta addu'a. Ya ce kaset ɗin ba nawa ba ne, kada in saurara. Na yayanmu ne, kuma Inna ta ce a sa masa a kunne.

Yaya Laminu shi ne ɗan farin Inna, ni Zuwaira ni ce auta. Ina 'yar shekara goma sha biyu aka tura shi Poland karatun injin saƙa. Shekara biyar yana rubuto wasiƙa, daga nan ƙafa ta ɗauke. Shekara bakwai ke nan ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba ma labarin mutuwa da za a yi zaman makoki a huta. Abin da ya rage mana hotonsa guda da ambulan ɗin wasiƙarsa ta ƙarshe, mai adireshin wani gari wai shi Lodz.

Maigidana Isuhu bai hana ni tafiya ba, ya san wadda ya aura. Abin da ya ce kawai, tunda biza a Paris ake samu, in sauka gidan Alhaji Mamman a Saint-Denis, can gefen birnin. Alhaji shi ne babban 'yan Tasawa a can, duk wanda ya zo daga garinmu sai ya ci tuwon gidansa.

Na ci tuwon, na kuma sha wa'azi. Bayan an gama gaisuwa tun daga gajiya har zuwa sanyi, Alhaji ya gyara zama ya ce, "Zuwaira, mace ita kaɗai, ƙasar da ba ki jin yarensu? Kawo kaset ɗin. In an samu mai zuwa sai a aika."

Na ce, "Alhaji, shekara bakwai ke nan ana neman mai zuwa."

Ya ce, "Yaron nan ya ɓata. Wanda ya yi shiru haka, ko dai giya ko dai mace. Kada ki je ki ɗauko wa tsohuwa abin da zai ƙarasa ta."

Raina ya ɓaci, amma na sunkuyar da kai saboda furfurarsa. Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Inna ba ta ce a binciko halinsa ba. Cewa ta yi a sa masa a kunne, kuma ni aka ba."

Ya ce taurin kaina na gidanmu ne, ya tashi ya shiga ciki. Ranar da biza ta fito, ta kwana goma kacal, matarsa Hajiya ta raka ni tashar mota. Ta cusa mini kilishi a jaka, ta cire kwat ɗin jikinta mai kauri ta yafa mini, ta koma gida da mayafi kawai a cikin sanyin nan.

Motar ta ci kwana da yini. Duk 'yan Poland ne masu komawa gida, ni kaɗai ce baƙa, kuma kujerar kusa da ni ba wanda ya zauna. Ko a jikina, na miƙe ƙafa na more wurin mutum biyu. A kan iyaka aka sauke ni ni kaɗai, wani jami'i ya zazzage jakata a kan tebur, ya ɗauki ƙunshin Inna ya jijjiga, ya zaro 'yar wuƙa zai yanke zaren. Na ɗora hannuna a kai. Ban san yarensa ba, bai san nawa ba, na dai dafa ƙirjina na ce "Mama," na tsare shi da ido. Ya dube ni, ya dubi ɗinkin, ya tura mini abina.

Lodz gari ne na jan bulo da dogayen bututun hayaƙi, amma yawancinsu ba sa hayaƙi, masaƙun sun mutu. Na nuna wa mutane ambulan ɗin har aka kwatanta mini wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa. Ina tsammanin gidan Yaya zan tarar, ashe masauki ne na marasa hali, tsohon gidan kwanan mata ma'aikatan masaƙa. Ɗaki ɗaya gado takwas na ƙarfe, bargo mai ƙaiƙayi, banɗaki ɗaya a ƙarshen baranda, madafi ɗaya na kowa da kowa. Ko'ina warin dafaffen kabeji.

Mai kula da wurin wata dattijuwa ce kakkaura, ana ce mata Pani Halina, Pani ɗin kamar a ce Madam. Allah ya taimake ni tana jin Faransanci, don a arewacin Faransa aka haife ta, lokacin da ubanta ke haƙar kwal a can. Na miƙa mata hoton Yaya. Ta kalle shi kallo ɗaya ta mayar mini.

Ta ce, "Ban san shi ba. Baƙi da yawa sun wuce ta nan."

Na ce, "Adireshin gidan nan ne a wasiƙarsa."

Ta ce, "Na ce ban san shi ba."

Na ce, "To, ba ni gado."

Ta ba ni, ta haɗa da dokoki. Ba a girki a ɗaki, ba a wanki a wurin wanke fuska. Babbar dokar kuwa, ƙarfe goma na safe kowa ya fita, a kulle ƙofa, ba a buɗewa sai biyar na yamma. Ko ruwa ake ko ƙanƙara, ba ruwanta.

Wannan dokar ce ta sa na san Lodz fiye da yadda na san Lyon. Akwai wani titi miƙaƙƙe da ba ya ƙarewa, na taka shi daga wannan kai zuwa wancan ina nuna hoto a shago bayan shago. Na hau jirgin titi, irin mai bin dogo a tsakiyar gari, ban san inda za shi ba, na sauka inda ya tsaya, na sake hawa wani. Na je makarantar da ake koya wa baƙi yaren ƙasar, aka ce ɗaliban wancan zamani sun watse. Na je ƙofar masaƙar da ya taɓa ambata a wasiƙa, na tarar da sarƙa da kwaɗo, ciyawa ta fito a tsakar gida. In yunwa ta ci ni sai in shiga wani gidan abinci mai araha in nuna dankali da kabeji da yatsa, in girgiza kai ga duk abin da ya yi kama da nama. Yara suna bina da kallo. Wata tsohuwa a kasuwa ta shafa bayan hannuna ta duba yatsunta, sannan ta ji kunya ta ba ni tuffa. Wasu samari kuma suka yi mini kukan biri a bakin tasha. Na tsaya cak na wanke su da zagin Tasawa tun daga kakanninsu, ba su ji ko kalma ba amma sun gane, don su suka fara kau da kai.

Rana ta uku na haɗu da wani ɗalibi baƙar fata da ya ce sunansa Serge. Yana ganin hoton ya ce ai ya san shi sarai, abokinsa ne. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwana biyu yana yawo da ni, yau a ce mutumin ya fita, gobe a ce ya canza gida, kuma duk inda muka zauna hannunsa na cikin kilishin Hajiya. A ƙarshe ya kai ni wurin wani bawan Allah ɗan Habasha, dogo siriri, wanda ko a mafarki bai yi kama da Yaya ba. Na ce da Serge, "Kai dai Allah ya isa tsakanina da kai, kilishin ma ban yafe ba." Ya yi dariya ya tafi abinsa.

Ranar na koma masauki na zauna a bakin gado na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kewar gida ta taso mini, ba ma Lyon ba, Tasawa, ɗakin Inna da ƙamshin man shanu. Abokan ɗakina mata ne 'yan Ukraine masu kasa kaya a kasuwa, da manyan jakunkuna irin na fatakenmu. Ɗayarsu ta ga ƙafafuna sun yi bororo, ta kawo ruwan ɗumi a roba, ta ba ni safar ulu da ta saƙa da hannunta. Ita ce kuma in na ta da salla take tsawata wa sauran su rage murya. Har na bar garin ban iya faɗin sunanta daidai ba.

Ni da Pani Halina kuwa kullum sai mun yi. Ba ni da buta, da gorar ruwa nake alwala, ƙasan banɗaki ya jiƙe, ita kuma ta zo tana faɗa. Ni ma ba na barin ta kwana, in ta faɗi ɗaya in faɗi biyu, sannan in karɓe tsumman in goge da kaina don kada ta samu abin ƙarawa. Safiya ta shida tana cikin faɗan ta ce, "Ku dai haka kuke, sau biyar a rana sai kun mayar mini da gida kogi."

Na ce, "Mu su wa?"

Ta wuce abinta. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Wa ya gaya mata sau biyar ne, alhali rabin yini ina waje?

Da goma ta yi kowa ya fita, ni na shiga madafi na ja kujera na zauna. Ta zo da makullai ta nuna mini agogo. Na cire safa na nuna mata ƙafata na ce yau ko sama da ƙasa za su haɗu ba inda za ni. Ta yi ta surutu da yarensu, ta gaji, ta shiga ɗakinta. Can sai ga ta ta fito za ta ba furannin taga ruwa, kamar yadda ta saba in gidan ya zama ba kowa.

Buta ce a hannunta. Butar roba mai ratsin kore da fari, irin wadda ake rataye a kowace kasuwa daga Tasawa har Damagaram. Ta koɗe, bakin ya ɗan tsage, amma murfin na nan ɗaure da mariƙin da 'yar tsinkar jar fata, ƙulli biyu.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ce, "Pani, a wace kasuwar Poland ake sayar da wannan?"

Ta dubi butar, ta dube ni. Ta ajiye ta a kan tebur a hankali, ta zauna. Ta ce Yaya ya zauna a gidan shekara biyu bayan an rufe masaƙar, shi ke gyara mata tukunyar ɗumama ɗakuna, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce yana nan garin, yana da rai, amma ya sa ta yi alkawari ko wa ya zo daga gida kada ta nuna.

Na ce, "Uwarsa na bakin mutuwa."

Ta ce, "Uwa?" Fuskarta ta yi ja. "Ya ba ni labarinta. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai wancan, wancan, kamar kare. Yana shekara biyu ta miƙa wa kakarsa shi. Ranar da zai bar ƙasa ko ƙofar gida ba ta raka shi ba. Ni ɗa ɗaya na haifa, na kira sunansa har ya gaji da ji. Yanzu da mutuwa ta zo ne ta tuna tana da ɗa?"

Wallahi na ji kamar in kife teburin. Ba ita ta fi ba ni haushi ba, Yaya ne, wanda ya san komai ya zo ƙasar mutane ya ba da rabin labari. Na ce mata a wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ko ciwo yake sai dai ta aiki wani ya duba. Kunya ce, haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma duk garin an san wanda ba a faɗin sunansa shi ne a can cikin rai.

Ta taɓe baki ta ce wannan wace irin ƙauna ce.

Na ɗauki butar na ce, "Kin ga ƙullin nan? Ina tsaye aka yi shi. Ana gobe zai tafi ta aika kasuwa aka sayo butar, ta zauna bayan rumbu ta ɗaure murfin da haƙorinta don kada ya ɓace masa a hanya. Ta miƙo mini ta ce, kai wa wancan. Ni na kai masa da hannuna. Da motarsu ta tashi kwana uku ba ta sa komai a baki ba, in an tambaya ta ce ciki ke damunta. Ke kuma kin samu kina ba fure ruwa da ita."

Na koma kujerata. Na ce bizata za ta ƙare ran Lahadi, amma ko ta ƙare ba zan tashi ba. In tana so ta kira 'yan sanda su ɗauke ni da kujerar. Ta daɗe tana juya tsinkar fatar da yatsa. Sannan ta tashi ta tafi wurin tarho.

Wajen ƙarfe huɗu Yaya ya zo, da kayan aiki duk baƙin mai, ashe a garejin jiragen titi yake, jiragen da na yi kwana biyar ina hawa. Ya rame, gashin gaba ya tafi. Ya tsaya a ƙofar madafi ya gaishe ni da Faransanci kamar wata baƙuwa.

Na ce, "Yaya, ina wuni. Ni ban zo daga Lyon don in ji Faransanci ba."

Ya ce, "Auta." Hausar ta dawo masa da ƙyar, yana lalube. Ya ce bai gama karatun ba, ya faɗi jarrabawa sau biyu aka yanke masa tallafi. Ya shiga masaƙa, masaƙa ta mutu. Yana da mata da 'ya guda. Ya ce duk Tasawa an raka shi tasha ana cewa injiniya zai dawo, da wace fuska zai rubuta? Sannan ya kau da kai ya ce, "Ita ma ai ba ta rasa komai ba. Tana da ku."

Na ce, "Kai ka san ƙarya kake, shi ya sa ba ka iya kallona. Ni ba fuskarka aka aiko ni in gani ba, kunnenka aka ce. Zauna."

Ya zauna. Pani Halina ta kawo rediyonta mai cin kaset ta ajiye kusa da butar. Na miƙa masa ƙunshin ya yanke zaren da kansa.

Muryar Inna ta fito a shaƙe, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta yi sallama. Ta gaida mutanen gidan da ke riƙe da shi, ta gaishe su da sanyi, da ɗawainiya, ta yi musu addu'a doguwa. Sannan ta shiga labari, duk a kaikaice. A gaya wa wancan katangar gabas ta faɗi bara an tayar. A gaya wa yayansu kakarsa ta rasu da azumi, ba ta sha wuya ba. A gaya masa gawon gonarsa na nan ba a sare ba. Yaya na zaune kansa a ƙasa, na ga bakinsa ya ɗan karkace, irin na wanda ke cewa ai na faɗa.

Sai ta yi shiru. Ana jin zakara, ana jin daka daga maƙwabta. Muryar Baffa ta ce, "Ci gaba, yana ɗauka."

Inna ta ce, "Fita ka ba ni wuri. Ka saki asabarin."

Aka ji takunsa ya yi nisa. Kaset na ta juyawa, ba komai sai numfashinta, har na ɗauka ya ƙare. Sannan a hankali, kamar mai taɓa abu mai zafi, ta ce, "Laminu."

Ban taɓa jin sunan nan da muryarta ba. Shi ma haka.

Ta sake cewa, "Laminu. Da kai nake."

Yaya ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban tebur, yadda ake durƙusa wa uwa, ya ce, "Na'am." Ya ƙara cewa, "Na'am, Inna." Pani Halina ba ta nemi a fassara mata ba, ta juya ta fuskanci taga tana share ido da gefen rigarta.

Ni ma hawaye nake, amma ban yi tafiyar kwana da yini don a amsa wa rediyo ba. Na bari Inna ta gama, ba ta ma ƙara wani abu mai yawa ba, ta ce ba ta neman ya zo da komai, in yana raye ya amsa. Na fitar da kaset na juya ɗaya gefen, na danna jan maɓallin ɗaukar magana, na tura rediyon gabansa.

Na ce, "Wannan akwati ne ka amsa wa. Sake faɗa, ita ta ji."

Ya faɗa, ya kuma yi magana har gefen ya cika. Washegari ya kawo 'yarsa na gani, mai sunan Inna ce ashe, shi ma bai iya kiran sunan sai dai ya ce Uwata. Da zan tafi Pani Halina ta wanke butar ta miƙa wa Yaya, ta sumbace ni a kumatu, sannan ta ce in gaya wa na gaba da zai zo daga ƙasarmu ya taho da tsumman goge ƙasa.

A Saint-Denis na mayar wa Hajiya kwat ɗinta, na ajiye kaset a gaban Alhaji na ce ga muryar ɓatacce, a ba mai tafiya gida na farko. Shi da kansa ya kai filin jirgi ya sa a hannun mutum.

Kaset ɗin ya iske Inna da rai, saura 'yan kwanaki. Baffa ya rubuto mini yadda aka yi. Ya ce ta saurara daga farko har ƙarshe fuskarta na kallon bango, ɗakin cike da mata, ba wanda ya ga idonta. Da ya ƙare ya tambaye ta ko akwai amsa. Ta ja mayafi ta rufe kai ta ce, "Ku ce wa wancan na ji."